Takin NPK

NPK takin zamani ne mai ɗauke da sinadarai uku: naitrojin (N), fosfaras (P) da fotasiyam (K), waɗanda lambobinsu na atam su ne 7, 15 da 19. Manoman shinkafa a Bagudo, ƙaramar hukumar jihar Kebbi da ke iyaka da Jamhuriyar Benin, suna amfani da shi. Naitrojin na yawaita ganye, fosfaras na ƙarfafa saiwa, fotasiyam kuma na taimaka wa shuka jure cuta. Rubutun 15-15-15 a jikin buhu kaso ne cikin ɗari na N, P₂O₅ da K₂O. Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO kan ɗauki P a matsayin alamar fotasiyam, alhali K ce, daga kalmar Latin "kalium".