Neman Maƙalar Kimiyya Idan Ba Ta a Laburare

Sabon binciken kimiyya a mujallun masana yake fara fitowa, sai bayan shekaru ya shiga littattafan sakandare. Saboda haka malamin da ba ya ganin waɗannan mujallu yana iya koyar da abin da masana suka riga suka gyara, ba tare da ya sani ba.

A Tudun Wadan Kaduna, madogarar mai neman mujallu ita ce Laburaren Isa Kaita na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Wanda bai dace ba a nan, sai ya hau mota zuwa Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Amma da aka shiga shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, alhali da dala ko fam ake biyan kuɗin mujallun ƙetare. Laburare da yawa a ƙasar nan suka daina sayensu. A lokacin, masananmu kan aika kati ta gidan waya zuwa ga marubuci a Ingila ko Amurka, su jira makonni kafin kwafi ya iso.

A yau hanyoyin sun ƙaru. Da farko, rubuta cikakken taken maƙalar a Google Scholar. Idan akwai kwafin kyauta, mahaɗinsa kan bayyana a gefen taken. Na biyu, mai nazarin halittu ko lafiya ya leƙa PubMed Central, rumbun kyauta da aka buɗe a Amurka a 2000. Wanda kuma yake neman binciken da aka yi kan gero, dawa ko ƙudan tsando, ya duba AJOL, wadda take tattara mujallun Afirka tun 1998. Na uku, tambayi ma'aikacin laburare ko cibiyarsu ta yi rajista da Research4Life. A ƙarƙashinsa akwai HINARI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na Hukumar Abinci da Aikin Gona, na 2003. Cibiyoyi ake yi wa rajista, ba ɗaiɗaikun mutane ba.

Idan duk wannan bai yi ba, koma ga tsohuwar dabara. Adireshin imel na marubucin yakan kasance a shafin maƙalar. Gabatar da kanka da makarantarka, ka ambaci taken, ka roƙi kwafi cikin ladabi. Masana da dama sukan aiko, domin burin mai bincike shi ne a karanta aikinsa.

Abin kiyayewa shi ne, kada ɗalibi ya tsaya ga taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala. A cikinta ne ake sanin tsirrai ko ɓeraye nawa aka gwada, da yadda aka auna su, kuma da wannan ne ake gane ko sakamakon abin dogaro ne.