"Inna, sunanmu ya fito a gasa"

Awon hawan jini ya kawo ta daga Wurno, amma maimakon kati sai ta miƙo min waya. "Sista, karanta min." Ɗanta ne ya turo saƙo daga Sakkwato: ƙaramin kamfanin da yake aiki, masu tsara shafukan intanet, ya shiga jerin waɗanda aka tace a wata gasar fasaha ta yankin. Tambayarta ɗaya: "To, kuɗi za a ba shi?"

Na ce tukuna, Hajiya. Alƙalai ne suka duba ayyuka da yawa suka ware kaɗan, a cikinsu za a fitar da gwani. Amma ko a nan aka tsaya, yaro ya samu abin nunawa idan ya je neman aiki.

Da yawanmu in mun ga yaro ya duƙufa a kan kwamfuta, zuciya sai ta tafi TikTok ko damfara. Alhali sana'a ce kamar ɗinki. Mai albasa da tafarnuwa a Goronyo yana son dillalin Legas ya ga kayansa. Mai tsara shafi shi zai jera hotuna, farashi da lambar waya, ya rage wa shafin nauyi yadda zai buɗe ko a ƙauyukan Rabah da sabis ke wahala, ba tare da ya cinye data ba.

Kuma ba ta maza kaɗai ba ce. A 2018 'yan mata biyar daga makarantar Regina Pacis da ke Onitsha suka ci zinare a gasar Technovation a Amurka, da manhajar gano jabun magani mai suna FD-Detector. Ni da nake ganin ɓarnar jabun magani a wurin aiki, labarin bai taɓa fita raina ba. Wanda ke son koyo, akwai shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023, horon kyauta ne.

Sai dai a kula, 'yan uwa. Akwai masu "lambar yabo" da za su ce a biya kuɗin kambu ko a sayi ƙuri'u. Kafin ki taɓa kuɗin adashinki, tambayi yaron su wa suka shirya gasar, wa ya ci bara, sannan ya nuna miki aikin da ya yi da hannunsa.

Hajiya ta ce in buɗe mata shafin ɗanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo hannu na ɗaura mata abin awo.