Me ke sa manhaja ta yi aiki a wata kwamfuta, ta ƙi a wata?

Wasu ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, kan gamu da wata matsala dab da ranar kare aikinsu na ƙarshe.

Manhajar da ɗalibi ya rubuta ta yi aiki lafiya lau a kwamfutarsa, amma da ya kai ta kan wata na'urar sai ta ƙi haɗuwa.

Sau da yawa laifin ba na rubutunsa ba ne.

Kwamfuta dai ba ta jin harshen C kai tsaye. Sai an bi ta wata manhaja mai aikin tafinta, irin su GCC, wadda ke juya rubutun zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar na'urar ke ganewa.

To, ƙwaƙwalwar kuwa kowace ƙira da nata harshen.

Akasarin kwamfutocin gwanjo da ake saye a Sabon Gari na ɗauke ne da ƙirar x86, wadda kamfanin Intel ya soma fitarwa a 1978.

Amma wayoyin salula, da 'yar na'urar nan Raspberry Pi da ake sakawa a ayyukan gwaji, ƙirar ARM gare su, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a 1985. Kamfanin Apple ma ya fara mayar da kwamfutocinsa kanta a 2020.

Idan ɗalibi ya kwafo wani sashe da aka riga aka juya domin x86, ko ya yi amfani da umarnin SSE da ARM ba ta sani ba, aikin zai cije.

Don haka kafin ya shafe dare yana laluben kuskure a rubutunsa, ya kamata ya buga umarnin uname -m a Linux. Idan wannan na'ura ta ce x86_64, waccan ta ce aarch64, an gano bakin zaren: sai a nemo sassan da suka dace, a sake juya komai daga tushe.

Sai dai wanda ya fi haɗari shi ne bambancin da tafintar ba ta tsayawa a kansa.

A Linux, ma'ajiyar char tana karɓar lambar da ke ƙasa da sifili a kan x86, amma ba ta karɓa a kan ARM. Manhajar za ta haɗu, ta tashi, sannan ta ba da amsar da ba daidai ba a gaban malamai masu jarrabawa.