Yadda hoton ƙwaƙwalwa ke gano cutar da ke ƙwace wa mutum kalmomi

A watan Maris na 2022 iyalan jarumin fina-finan Amurka Bruce Willis suka sanar cewa ya daina fim saboda magana ta fara yi masa wuya. Sai a Fabrairun 2023 suka bayyana cewa cutar lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ake kira FTD, wadda ke cin gaban ƙwaƙwalwa da gefenta.

Shanyewar ɓarin jiki kan ɗauke magana dare ɗaya. Wannan kuwa a hankali take shigowa. Idan harshe ne ya fara lalacewa alhali mutum na tuna abin da ya ci jiya, likitoci na kiran yanayin PPA. Likita Marsel Mesulam ne ya bayyana shi a 1982.

A 2011 masana suka kasa shi gida uku, kuma a nan na'urar MRI ke da amfani, domin kowane nau'i da wurin da yake motsar da ƙwaƙwalwa, yawanci a ɓangaren hagu. Wanda magana ke fito masa da ƙyar, jimla a karye, hotonsa kan nuna ramewa a bayan goshi. Wani kuma bakinsa na zuba lafiya lau, amma a nuna masa cokali ya kasa faɗin sunansa, har ya tambayi mene ne cokali. Shi gaban ɓangaren da ke daidai saitin kunne ne ya rame. Na ukun yana tsayawa yana laluben kalma, ba ya iya maimaita doguwar jimla, lalacewarsa tana can baya kaɗan.

Na ukun nan ne abin lura, don galibi cutar Alzheimer ce a ƙarƙashinsa, ba FTD ba. MRI kaɗai ba ta tabbatar da haka. Sai an haɗa da hoton PET, inda ake yi wa mutum allurar wani sinadari mai liƙewa jikin furotin amiloid, ya haska a hoto.

Bambancin ba na suna kawai ba ne. Maganin lecanemab, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi gaba ɗaya a Yulin 2023, amiloid yake kwashewa, saboda haka ba ya tsinana wa mai FTD komai. Yana kuma iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake mayar da mai karɓarsa cikin MRI lokaci zuwa lokaci a duba.