Mangwaro da canjin yanayi

Da bazara ta kama, kasuwannin Maraɗi da Yamai kan cika da mangwaro, wani daga garake na Gaya da bakin Gulbin Maraɗi, wani kuma manyan motoci ke kawo shi daga Burkina Faso da Mali. Amma masu garka suna kukan itacen ba ya ba da amfani kamar da. To, mene ne dalili?

Na farko, itacen mangwaro yana buƙatar sanyin hunturu kafin ya yi fure, wajen Disamba zuwa Fabrairu. In ɗari bai sauka sosai ba, sai ya yi ta fitar da ganye, furen kuwa kaɗan. Ba fure, ba ɗa.

Na biyu, zafi. Ba mu manta azumin 2024 ba, lokacin da zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na Mali. Irin wannan zafi da busasshiyar iska suna kaɗe ƙananan ƴaƴa tun ba su nuna ba. Rijiyoyi su ja baya, mai garka ya ƙara kashe kuɗin mai a injin ban ruwa.

Na uku, ruwan da ya wuce kima. A 2020 kogin Isa ya yi ambaliya a Yamai, ya shanye garake da yawa. Ƙaramin dashe ba ya jure kwana da kwanaki cikin ruwa. Ruwan da ya sauka mangwaro na kan itace kuma yana ƙarfafa ƙudan da ke huda shi ya sa ƙwai. Ka ga waje lafiya lau, ka yanka ka tarar da tsutsa. Ƙasashen Turai ba sa karɓar kayan da aka samu wannan ƙuda a ciki.

Asarar ba ta mai garka kaɗai ba ce. Mai tsinka, direba, da uwar da ke kasa shi a faranti don ta saya wa ɗanta littafi, duk ta shafe su.

Mu ɗalibai akwai abin da za mu iya. Mu riƙa tsince mangwaron da ya faɗi muna binnewa da zurfi, don nan ƙudan ke hayayyafa. Mu rufe gindin itace da busasshiyar ciyawa ta riƙe laima. Kowa kuma ya dasa ko da guda ne, ya kula da shi har ya kama. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.