Takardar asibiti amana ce: darasi daga hannun wani ɗan wasa

A kantin maganin da nake aiki a Makka, kusan kowane lokacin Hajji sai wani ya miƙo mini waya yana cewa, "Malam, duba mana wannan takardar Alhaji wane ce, me ke damunsa?" Idan na tambaya ko mai takardar ya san ta iso gare ni, sai a yi shiru. An ɗauki hotonta a gefen gadonsa, an jefa a guruf ɗin WhatsApp na zango da sunan neman addu'a. Niyyar mai kyau ce, amma doka tana da abin cewa a kai.

Ga wani misali daga Amurka. Ranar 4 ga Yulin 2015, abin wasan wuta ya fashe a hannun Jason Pierre-Paul, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar New York Giants. Aka kwantar da shi a asibitin Jackson Memorial da ke Miami. Bayan 'yan kwanaki, wakilin tashar ESPN, Adam Schefter, ya sa hoton takardar asibitinsa a Twitter, inda ake ganin an yanke masa manuniyar hannun dama. Miliyoyin mutane suka gani, alhali mutumin da hannunsa yake neman abinci, kuma bai riga ya sa hannu a kwantiraginsa na shekarar ba.

Asibitin ya kori ma'aikata biyu, ya kuma sasanta da shi. A Fabrairun 2016 ya kai ƙarar ESPN da wakilinta. Tashar ta ce labari ne da jama'a ke da haƙƙin sani. Lauyoyinsa suka ce ba da labarin rauni daban, baje takardar likita daban. Kotu ta ƙi korar ƙarar, kuma a Fabrairun 2017 aka sasanta a wajen kotu.

Abin lura a nan shi ne, dokar Amurka ta HIPAA ta 1996 asibitoci da ma'aikatansu ta ɗaure, ba ta hau kan 'yan jarida ba. Duk da haka wanda ya yaɗa bai tsira daga shari'a ba, domin an bi shi ta hanyar tona asiri.

A nan Saudiyya abin ya fi tsanani. Dokar kare bayanan mutum, wadda ta fara aiki a Satumban 2023, ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri. Wanda ya fallasa su don ya cuci mai su, ko don amfanin kansa, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ta kai riyal miliyan 3, ko duka biyun. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2007: keta sirrin mutum da kyamarar waya na iya jawo ɗaurin shekara 1, ko tarar riyal 500,000. Baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya ne a gabanta. A Gana ma akwai dokar kare bayanai ta 2012.

Ko babu kotu, cutarwar tana nan. Takarda ɗaya tana ɗauke da suna, da shekaru, da ciwo, da magani. Ni ko jerin magungunan kawai na gani, sau da yawa na san ciwon. Haka aure yake mutuwa, haka mai gida yake sallamar direba ko tela, shi kuwa yana kwance bai sani ba.

Don haka, kafin ka ɗauki hoto, ka nemi izinin marar lafiya da bakinsa. Idan ba ya cikin hayyacinsa, makusancinsa ɗaya ya isa ya riƙa magana da likita. Idan addu'a ake nema, "Alhaji ba shi da lafiya" ya wadatar. Idan taimakon kuɗi ne, a nuna wa ma'ajin ƙungiya takardar shi kaɗai. Wanda kuma ta iso wa a waya, ya goge, kada ya tura gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.