Farar karkanda ta arewa: inda gaggawa ke karo da taka-tsantsan

A ranar 19 ga Maris, 2018, Sudan, namiji na ƙarshe cikin farar karkanda ta arewa, ya mutu a gandun Ol Pejeta da ke Kenya yana da shekara 45. Ya bar mata biyu kacal a duniya: 'yarsa Najin da jikarsa Fatu. A da wannan dabba tana kiwo a Chadi da Sudan da Uganda da Kongo, har mafarauta masu neman ƙahonta suka ƙarar da ita a daji.

Babu ɗaya cikin matan biyu da za ta iya ɗaukar ciki. Don haka masanan ƙungiyar BioRescue, ƙarƙashin jagorancin Cibiyar Leibniz da ke Berlin, suka koma ga hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. Tun daga 2019 ake sa wa dabbobin maganin barci ana ciro ƙwayayensu, a kai su birnin Cremona na Italiya, a haɗa da maniyyin mazan da suka mutu wanda aka daskarar. 'Yan tayin da aka samu ana adana su cikin sanyi mai tsanani, da niyyar dasa su a mahaifar farar karkanda ta kudu.

Dalilin gaggawar a fili yake. An haifi Najin a 1989, Fatu kuma a 2000, ga shi cikin karkanda yana ɗaukar kusan wata 16. Masanan na son jaririn farko ya tarar da su a raye, domin a wurinsu ne zai koyi ɗabi'un jinsinsa, abin da ɗakin gwaji ba zai iya koya masa ba.

Sai dai kowane ciron ƙwai yana da hatsari ga dabbar da ake neman ceton jinsinta. A 2021, bayan nazarin lafiyar Najin da shekarunta, aka daina ɗibar ƙwai daga jikinta, ko da yake hakan ya mayar da dukan aikin kan Fatu ita kaɗai. Haka kuma masanan sun ƙi fara dashe da 'yan tayin arewa masu ƙaranci. Sai suka gwada da na kudu. A Janairun 2024 suka sanar cewa dashen ya kama, amma uwar da ta ɗauki cikin ta mutu sakamakon wata ƙwayar cuta, tana ɗauke da ɗan tayi namiji mai kwana 70. Da na arewa aka dasa mata, da asarar ta ninka.

Akwai kuma matsalar da haƙuri ba zai warware ba. Zuriyar da ta fito daga uwa ɗaya da ubanni ƙalilan ba ta da yalwar gado da za ta jure wa cututtuka. Shi ya sa ake ƙoƙarin sarrafa ƙwayoyin fatar karkandar da suka mutu su zama ƙwai da maniyyi, aikin da har yanzu yake matakin bincike.

Masu suka na ganin kuɗin zai fi amfani wajen biyan masu gadin daji, kuma hujjarsu tana da nauyi: baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda ragowarta ke arewacin Kamaru, an ayyana ƙarewarta a 2011 saboda farauta. Gandun Garamba na Kongo, inda farar ta arewa ta yi zamanta na ƙarshe a daji, har yanzu yana fama da mafarauta masu ɗauke da makamai, kuma irin wannan daji ne za a mayar da zuriyar Fatu idan an same ta.